Ragon 'Yan Burbe

Ni nih hwara ganin turken ba komi. Na hito da sahe da ruwan tsarin hatsi cikin roba, in kai ma rago kamar kullum, sai ga igiya yashe ƙasa. Ba a yanke ta ba, warware ta anka yi, a natse. Nit tsaya da ruwana a hannu. Daga baya niz zuba ma itacen bedi, tunda ita ba ta zuwa ko'ina.

Sunana Dija. Ni ka dahwa ma 'yan matan lakkwal, wato makarantar kwana, da ke bayan kasuwar dabbobi nan Filingue, kuma in mace ta tashi haihuwa cikin unguwa, ni aka kira. Ragon kuwa iyayen yara sunka haɗa sunka saya, a yi kiwonshi, a yanka ma 'yan aji na ƙarshe ranar da sunka gama jarrabawar burbe. Hwari ne, da baƙin tabo ga kahwaɗa. Direktan lakkwal, Malam Zakari, wanda muka kira Mushe da Hwaransanci, da hannunshi yash shahwa mishi shuɗin penti ga baya, ragowar na ƙohohin aji, wai don kar shi ɓace.

Kamin in gaya ma Madam Ummul, mai kula da ɗakin kwana, 'yan shara sun share hilin tas, har gindin turke. Ba su taɓa yin shara mai kyau irin ta ranar ba.

Da hantsi masu tallar bakin ƙohwa sun gama shari'a.

"Wa ka ba shi harawa?"

"Bahillatar nan."

"To mi yar rage?"

Habsa ke nan. Daga arewacin Abala taz zo, shekarar da anka ruhe lakkwal ɗin ƙauyukan can, mutane sunka watse. Ba ta da uwa, ba ta da uba. Yadda anka yi, ba ta taɓa hwaɗi ba, ni ma ban tambaya ba. Kawu guda gare ta, Sidi, shina yawo da 'yan bisashenshi, ran kasuwa shi leƙo ta da nono cikin galan. Doguwa ce, ba ta da magana, kullum idonta na ƙasa. Mutane na cewa kunya ce. Ƙasar taka karatu.

Mushe yak kira ta gindin bedi, gaban kowa.

"Ke ka kiwon ragon?"

"Ni ce, Mushe."

"Ina shi?"

"Ban sani ba."

"Kawunki na zuwa ran kasuwa. In ragon bai hito ba kamin nan, ki ɗauki akwatinki ki bi shi. Shi kuma jandarma su tambaye shi."

Burbe saura kaɗan. Yarinyar ba ta da ɗakin da za ta koma, sai bayan garke. Ba ta yi kuka ba. Tac ce, "A ba ni izini in duba bayan katanga."

*

Madam tac ce ba mai hita sai da babba. Anka duba, anka rasa babban da ba shi da aiki, sai ni da tukunyata bisa wuta.

Mu uku munka tahi, da Samiratu, ɗiyar wani tela na Bonkoukou. Ita wannan bakinta bai san hutu ba. Ta sha kallon fim cikin salular Madam, har ta naɗa kanta komisar ta 'yan sanda.

"Kaka, ki riƙa tahiya bayana, kar ki taka shaida."

"Ja'ira, na taka abin da yah hi shaida."

Bayan turke akwai inda damina ta ci katanga, an cushe da ƙaya. An janye ƙayar, an maida. Can waje yashi ne mai laushi. Habsa tad durƙusa tana duban yashin.

"Mi kig gani?" in ji Samiratu. "Su nawa ne? Da bindiga?"

"Mutum guda. Takalmin roba."

"Shi ke nan, mun kama shi!"

Nic ce, "Dubi ƙahwarki." Tad duba. Poroje ne na masu agaji yar raba musu takalman, iri guda, launi guda, duk lakkwal. Rabin garin ma irinshi sukan sa.

Habsa tan nuna da tsinke. "Ba a ja shi ba. Rago in ana jan shi, shina kahe ƙahwahun gaba, shi yi rami. Wanga tahiya yaka yi abinshi, sawunshi bisa na mutum. Bin shi yay yi. Nan an tsaya, an ba shi wani abu ga hannu. Nan ma."

"Asiri!" in ji komisar.

Munka bi sawun, ya bar kasuwa ga hagu, ya nuhi gabas, har hanyar mota. Nan shanun da anka koro da sahe sun tattake komi.

"Ya ƙare," in ji Habsa.

Muna komowa nig ga ta tsaya wani wuri inda sawun mutum yah hito sarai cikin danshi. Tad dube shi. Sannan tas sa ƙahwa tam murje. Samiratu na gaba tana lissahin waɗanda za ta ɗaure. Ni na gani, nik kama bakina.

*

Ranar ina da suna. A zangon 'yan gudun hijira, gabas da hanyar mota, wata mata ta haihu a hannuna mako guda da yaw wuce, namiji. Mijinta an kashe shi tun cikin na ƙarami. Babbar ɗiyarta, Zainabu, nan lakkwal take, gadonta manne da na Habsa. Madam ta ba ta izini tun jiya ta kwana wurin uwarta.

Na tahi da niyyar in sha hura in komo. Nit tarda nama. Maza sun yanka tun bayan asuba, sun raɗa suna, mata na suya bayan bukka. Yara na yawo da maiƙo ga baki, abin da na daɗe ban gani ba a zangon nan.

Mai jego tar riƙe hannuna. "Inna Dija, 'yan lakkwal ɗin su Zainabu sunka haɗa muna rago. Ki gode musu. Da yaron nan haka za shi tashi ba a zubda mishi jini ba."

Nic ce, "Allah shi raya."

Tab ba ni nawa na ungozoma: hwatar ragon, an bade ta da toka, an naɗe gashi ciki, an ɗaure da tsumma. Tab ba ni kuma ƙunshi biyu na suya, guda na direkta, guda na Madam. Zainabu na tsaye bakin bukka, ba ta kalle ni ba.

Nik kai ma kowa nashi. Naman suna ba a maida shi, ba a tambayar shi. Mushe yac ci nashi cikin biro, ohis ɗinshi, har yay yaba yajin. Hwatar kuwa nic cusa ta bayan itacen madahi.

*

Samiratu tac ce a hwara da mai gadi, haka aka yi cikin fim. Munka iske Kailu bakin ƙohwa shina hura gawayin shayi.

"Baba Kailu, ina kake lokacin da anka ɗauki rago?"

"Yaushe anka ɗauke shi?"

"Ban sani ba."

"To ni ma ban san inda nike ba."

Habsa tac ce, "Baba, sawunka na bayan rumbun harawa. Takalmin taya, diddigen dama ya cinye. Ka shiga sau da yawa."

Kailu yam miƙe har shayi yaz zube. "Inna Dija, kina ji ɗiyar Hillani na mini sharri?"

"Ina ji. Akuyarka ma ta yi kyau bana."

Yak koma yaz zamna. Yac ce harawa ce, 'yar kaɗan, akuyar na da ciki. Rago kam, wallahi, ko kusa da shi bai zuwa, tunda yat taɓa tunkuyin shi ga gwiwa. Yaj janye wando yan nuna muna. Habsa ba ta ko duba ba.

"Na sani. In ya gan ka shina ja da baya. Ba shi bin ka."

Wanshekare sai mahauta. Wata mai talla ta rantse ta ga kan hwarin rago ga teburin Jibo. Munka tahi. Jibo na sara ƙashi, bai ɗaga kai ba.

"Kaka Dija, kin zo sayen nama ko kin kawo mini jandarma masu ɗankwali?"

"Komisar ce ka son ganin kai."

Yaj jawo kan daga ƙarƙashin buhu yad dangwara gaban Samiratu. Ƙudaje sunka tashi. Komisar taj ja baya.

Habsa tab buɗe bakin, tad dubi haƙora. "Tsohuwar tunkiya ce."

"Ke! Rage murya," in ji Jibo. "Rago nika sayarwa."

Kan hanya Samiratu tam matso kusa da Habsa. Can tac ce, "Habsa, in ba Kailu ba, ba Jibo ba, wa ragon ka bi?"

"Ni."

"Sai wa?"

Habsa tac ce rana ta yi, a koma.

Duk kwanakin nan Zainabu ta komo lakkwal. Tana shiga aji, tana cin tuwo kwano guda da Habsa kamar da. Sauran yaran sun daina zama kusa da su. Wata ma ta sa ma akwatinta kwaɗo. Ina kallon su biyun daga madahi, hannu na shiga kwano, hannu na hita, ba mai magana.

*

Jajibirin kasuwa da la'asar Habsa tash shigo ɗibar wuta. Tat tsaya, taj ja hanci.

"Kaka, mi ke bayan itacen nan?"

"Hwatar suna."

"Kin buɗe?"

"Ba ni da sauri."

"Hwara ce?"

"Idona ya tsuhwa."

Taz zamna bisa turmi. Na ɗauka za ta jawo hwatar, ba ta taɓa ta ba.

"Takalmin Zainabu na hagu ya tsage tun da rani," tac ce. "Nan gaban murhunki nil liƙe mata shi da wuƙa mai zahi. Liƙin na barin alama, kamar ƙahwar kaza. Tun sawun hwarko nig gane."

"To mi kis sa muka yawo wurin Jibo, da ƙahwahuna?"

"Na ce ko za ta yi magana."

"Ta yi?"

"Jiya ta ce mini kaina na son kitso."

Nit tura itace cikin wuta. Nic ce mata gobe kawunta na zuwa, kuma jandarma ba su san liƙin takalmi ba, sun san Bahillace.

"Na sani, Kaka."

Taɗ ɗauki garwashinta cikin kasko tah hita.

*

Ran kasuwa, bayan azahar, Mushe yat tara mu gindin bedi. Shi da Madam bisa kujeru, yara zamne ƙasa. Kailu na gehe, Jibo ma an kirawo shi, da jini ga riga. Sidi kawun Habsa na tsaye da sandarshi bisa kahwaɗa da galan ɗin nono, ba wanda yab ba shi wurin zama. Masu talla sun bar kayansu sun cika ƙohwa. Akwatin Habsa an riga an hiddo shi.

"Kin ce ki duba," in ji Mushe. "Mi kis samo?"

Habsa tam miƙe. Tay yi magana kamar mai karanta allo. Ragon ta katangar baya yah hita. Ba a ja shi ba, bi yay yi. Baba Kailu ba shi bi. Malam Jibo bai taɓa ganin shi ba. Kawu kuwa ba shi sa takalmin roba, kuma ranar shina can wajen rijiyoyi, kowa na iya tambaya.

Jibo yac ce, "To ni a sallame ni, ƙudaje na cin jarina."

"Zamna," in ji Mushe. "Ragon bi yay yi. Wa yaka bi?"

"Ni, Mushe."

Ƙohwa tak kaure. "Ba mu ce ba!"

"Sai wa?"

Habsa tad dubi ƙasa. Ba ta juya ba, amma ni na juya. Zainabu na layi na biyu, ta ɗora haɓa bisa gwiwa, tana zane ƙasa da tsinke. Munka jira. Har nij ji kukan shanu daga kasuwa.

"To ɗauki akwatinki," in ji Mushe. "Kailu, tahi ka kira jandarma."

Sidi bai gane duka ba, amma ya ji jandarma. Yas sabke sandarshi, ya aje galan ƙasa a hankali, kamar wanda ya saba.

Habsa taj jira har Kailu yak kai ƙohwa. Sannan tac ce, "Kaka, kawo."

Nit tahi madahi niɗ ɗauko. Ban yi sauri ba, ko wani zai riga ni. Ba wanda yar riga ni. Nik kwance tsumma nish shimhiɗa ta gaban kujeru, gashi sama. Toka tat tashi. Ga baƙin tabo ga kahwaɗa. Ga shuɗin penti, iri guda da ƙohwar ajin da ke bayan Mushe.

"Ina kis samo wannan?"

"Inda nis samo suyar da nik kawo maka."

Mushe yak kai hannu ga baki. Madam tad dubi ƙasa. Masu talla ma na san biyu cikinsu da sunka je sunan.

"Ni nik koya ma Zainabu kiran shi," in ji Habsa. "Tana zama da ni gindin turke, tana ba shi ƙanzo ga tahin hannu."

Zainabu tat tashi. Muryarta ba ta rawa, ba ta komi.

"Na ce ma Inna a binne hwatar. Tac ce ungozoma ta yanke cibi, sannan ta tahi hannu wohi? Ba a yi haka garinmu ba, ba a hwarawa ga ɗanta." Tad dubi Mushe. "Inna ba ta sani ba. Tahiru anka sa mishi, sunan babanmu. Mushe, in ragon na sata ne, sunan ya kama?"

Mushe yad dubi Madam. Ba a yi mishi wannan ba cikin karatunshi, ni ma ba a taɓa yi mini ba.

Sidi ne yay yi magana, da Hausarshi mai karkata. "Ragon na wa?"

"Na yaran ne," in ji Madam. "'Yan burbe."

"To a tambayi masu shi."

Samiratu taɗ ɗaga hannu kamar cikin aji. "Ni nawa na ba Tahiru." Wata tac ce ita ma. Haka sunka bi layi, wasu da ƙarhi, wasu can cikin maƙoshi, har wadda tas sa kwaɗo. Da anka zo kan Habsa kowa yaj juyo.

"Na ba jinjirin," tac ce.

Mushe yag goge huska da hankici. Yac ce rago ya wuce, ba mai zuwa jandarma. Amma yarinyar da tak keta katanga, kuma taz zamna tana kallo za a kori wata don abin da ita tay yi, ba ta kwana ƙarƙashin ruhin nan. In lokacin burbe ya yi, ta zo daga gida ta rubuta. Yac ce a maida akwatin Habsa ciki, a hiddo ɗayan.

Masu talla sunka koma ga kayansu. Guda na cewa ita dama tun hwarko ba ta yarda da zancen Bahillata ba.

Zainabu tah hito da akwati bisa kai. Tat tsaya gaban Habsa.

"Habsa."

"Kwano guda muka ci," in ji Habsa. "Kina ji suna cewa ɓarauniya."

"Kullum ina cewa gobe."

"Na sani. Ina jin ki ba ki barci."

Zainabu taj jira ko akwai saura. Babu. Tab bi ta ƙohwa, Kailu yam matsa mata.

Sidi yam miƙa ma ɗiyar 'yar'uwarshi galan, yad dahwa kanta, yak koma kasuwa, bisashenshi na hannun wani. Habsa tak kawo mini nonon madahi, tac ce a raba ma kowa.

"Kin ci abinci?" nic ce.

"A'a."

Niz zuba mata tuwo cikin kwanonsu, daidai yadda nika zuba ma mutum biyu, hannuna ya saba. Taz zamna bisa turmi tac ci gehenta, tab bar ɗaya gehen. Tar ruhe da hwaihwai, taw wanke hannu, taɗ ɗauki littahinta tat tahi aji.